Maganata A Bakin Gimbiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kam ku gyara zama, don abin da zan faɗa muku ko Huseina ƙanwata da muke ɗaki ɗaya ban gaya mata ba. Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Barira, shekarata ashirin da huɗu. Na gama karatun koyarwa a Bici shekara biyu da suka wuce, takardar tana ƙarƙashin katifa tana hutawa, ni ma ina gida ina taya ta. Garinmu Ɗan Marke gona ce gaba, gona baya, gidaje kuma a manne da juna, in ka yi tari a ɗakinka maƙwabta ne za su fara yi maka sannu.

Damuwata guda ɗaya ce, sunanta Muntaka.

Wata biyar ke nan yana zuwa zance wurina, duk Asabar bayan la'asar, tun daga Rijiyar Zaki a kan babur. Inna ta ce a wannan marrar da mai ya zama abin da ya zama, har masu babur na garinmu sun koma keke, duk wanda ya ƙona mai ya zo ƙofar gidanku da gaske yake. Ban musa ba. Amma jama'a, mutumin nan ba ya magana! Zai zo cikin shadda ruwan toka da ta sha guga, da hula ƙube, da wani ƙamshi mai sanyi. In shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida.

"Barka da yamma."

"Barka kadai."

"Ya gida?"

"Lafiya lau."

Shi ke nan, an rufe shago. Sai ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur, ni kuma in yi ta zuba kamar rediyo don kada shiru ya kashe mu. Wani lokacin in ga leɓensa yana motsi a hankali bayan na gama magana. Na ɗauka tasbihi yake yi, har na ce a raina to, aƙalla mai ibada ne.

Ranar da abin ya ishe ni na ce masa, "Malam, in kallo ka zo yi ka bari in ɗauko maka hotona ka tafi da shi, ka huta da sayen mai." Murmushi kawai ya yi. Wata Asabar ɗin kuma na miƙe tsaye na ce, "Ni zan shiga, wake na bari a wuta, shi aƙalla yana tafasa ana ji." Nan ma murmushi. Wallahi ba ƙin sa nake yi ba. Son sani ne ya addabe ni: me ke cikin kan bawan Allahn nan? Ko sana'arsa ma, da aka tambaya, cewa ya yi aikin kwamfuta. Baba ya aika Rimin Gado, garin iyayensa, aka binciko asalinsa, aka ce mutanen kirki ne masu sayar da albasa, magana ta ƙare.

Baba kuwa, Malam Ado, shi ne na'ibin limamin garinmu. Mutum ne mai sauƙi a komai, ban da abu ɗaya: fim. Kafin Muntaka akwai wani Garba da ya nemi aurena, yaro mai hankali, har an fara maganar turo manya. Ranar da Baba ya ji Garba ya buɗe gidan kallo a bakin titi, a ranar aka mayar masa da kayan da ya kawo. Ku riƙe wannan.

Ran Litinin da safe Baba ya kira ni zaure.

"Barira, kin san an sa bikin ƙanwarki bayan an yanke dawa."

"Na sani, Baba."

"Zamanin nan babu mai ɗora tukunyar biki sau biyu a shekara ɗaya. In kina son yaron nan, a haɗa da na Huseina a yi gaba ɗaya. In ba kya so ki faɗa, a sallame shi ya daina wahalar hanya. Dole kam ba zan yi miki ba."

"Baba, ni fa ban gama sanin sa ba."

Ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki, ya mayar. Haka yake yi duk lokacin da magana ta ɗaure masa kai. "To, to, to," ya ce. "Mu dai ba mu ga haka a wurin manya ba. Wata biyar? Juma'a nake son amsa."

Ran Laraba Baba ya tafi ta'aziyya wani gari. Mu mata muka baje a tsakar gida muna tsinkar gyaɗa, harawa tsibi guda a gefe, ƙasa duk ta ɓata mana zannuwa. Akwai Inna, akwai Huseina, akwai Gwaggo Hure, yayar Baba, wadda duk garin nan ita kaɗai ke kiran sa Ado gatsal. Sai ga Anti Asama'u, matar Yaya Kamilu, ta fito tana washe baki da waya a hannu.

"Na karɓo caji, an tura min sabuwar fassarar fim. Mai shagon ya ce jiya-jiya ta fito, kowa ita yake karɓa."

Inna ta ce, "Ke dai Asama'u ba kya jin magana. Malam ya dawo ya same ku."

"Inna, sai magariba fa zai dawo."

Ta jefa wayar cikin kwanon silba don ƙara ta fito sosai, ta jingina kwanon da turmi. Inna ta juya mana baya wai ita ba ruwanta, amma na lura ta matso da kujerarta.

Fim ɗin ya fara, sai muka ga babu kala, baƙi da fari kawai. Gwaggo ta ce, "Wayar ce ta lalace, ko idona ne?" Anti Asama'u ta ce a'a, tsohon fim ne na Turawa, tun zamanin kakanni, yanzu aka tono shi aka fassara. Labarin wani sarki ne mai 'ya ɗaya tilo. Sarkin wata ƙasa ya turo jakadansa ya nema masa aurenta, jakadan kuwa da ya haddace jawabi tun daga gida, yana haɗa ido da gimbiya sai shaƙuwa ta kama shi, ya kasa cewa uffan. Kun dai san yadda fassarar nan take: mutum ɗaya ne ke yin muryar kowa. Shi ne sarki, shi ne gimbiya, shi ne kuyanga, in kare ya yi haushi ma ina jin shi ne. Wannan kuwa gwani ne, don har Inna sai da ta saki dariya ta wayance da tari.

Ina tsinkar gyaɗata ina kallo da rabin ido. Sai aka nuno gimbiya a lambu, cikin wata riga mai faɗi kamar rumbu, jakada a tsaye gabanta yana murza hularsa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta buɗe baki:

"Malam, in kallo ka zo yi ka bari in ɗauko maka hotona ka tafi da shi, ka huta da wahalar doki."

Gyaɗar hannuna ta zube.

Huseina ta faɗi a kan harawa tana dariya. Gwaggo ta ce, "Oh ni Hure! Wannan 'yar sarki a Ɗan Marke aka yanke mata cibiya? Bakinta sak na Barira."

Na yi yaƙe na ce, "Kai Gwaggo." A raina kuwa cewa nake, Barira nutsu, magana ai tana kama da magana. Ban gama lallashin kaina ba gimbiya ta tattare rigarta ta juya, ga kuyangi wajen goma a bayanta, ga kambi a ka, ta ce:

"Ni zan shiga, wake na bari a wuta, shi aƙalla yana tafasa ana ji."

Jama'a, gimbiyar Turai da wake a wuta! Anti Asama'u har da hawaye. Ni kuwa gumi ne ya keto min tun daga tsakiyar kai. Maganar nan mutum ɗaya na faɗa wa a duniya, a gindin darbejiya, ba kowa sai ni da shi da akuyar maƙwabta. Na kasa kunne sosai ina neman muryarsa a cikin muryoyin. To ina zan gane ta? Mutumin da duk abin da na taɓa ji daga bakinsa bai cika cokali ba.

Ban san sauran tashin hankalin yana gaba ba. Aka nuno sarki a kan karaga, an kawo masa ƙarar gimbiya ta kori jakada. Tsohon ya cire kambinsa, ya leƙa ciki, ya mayar. Wata murya mai kauri, mai ɗan jan hanci, ta fito daga kwanon silba:

"To, to, to. Mu dai ba mu ga haka a wurin manya ba."

Inna ta juyo gaba ɗaya, baki buɗe. Sai Gwaggo ta dafe ƙirji ta kece da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Ado ne! Wallahi Ado ƙanina ne aka naɗa a Turai ba a gaya min ba! Asama'u, mayar min baya in ƙara ji!"

Sau huɗu aka mayar. Inna ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Ni take kallo, irin kallon da uwa ke yi in ta gama lissafinta tana jiran ka gama naka. Na ce fitsari nake ji, na shige ɗaki na turo ƙofa.

Na ɗauki wayata na rubuta masa:

"Malam Muntaka, ashe gimbiyoyin Turai ma suna dafa wake?"

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Can sai ga shi:

"Kin gani."

"Na gani. Gidanmu duka sun gani. Wannan ne aikin kwamfutar?"

"Da kwamfuta ake yi."

Ku ji min mutum! Na rubuta masa maganganu masu zafi, na goge, na sake rubuta waɗanda suka fi su zafi na tura. Na ce ashe duk zaman da nake ina zuba shi tara kaya yake yi ya kai kasuwa? Na ce maganar da na yi da shi a matsayin mai neman aurena yanzu tana cikin wayar kowane mai shayi daga nan har Kano. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma kunya ta fi ɓacin ran yawa.

Sai ga saƙo dogo, wanda ya fi duk maganar da ya yi min a wata biyar:

"Ki yi haƙuri, Malama Barira. Fim ɗin da wani yare ya zo, ba Turanci ba. Rubutun ƙasan da muke bi mu fassara rabinsa babu, kuma maigidanmu ya ce kwana biyu ya ba ni. In haka ta faru mukan kalli fuskar mutum ne mu sa masa abin da ya dace da ita. Duk sanda matar nan ta ɗaga gira ke nake ji. Na gwada sa mata wata maganar, ta ƙi zama."

Na rubuta: "To mai bakin yin mutum goma, me ya hana ka yi min ko rabin mutum ɗaya a gindin darbejiya?"

Sai ga amsarsa:

"I'ina gare ni. Tun ina yaro. In da muryata zan yi magana a gaban mutane, harshena sarƙewa yake yi, musamman in ina jin nauyin mutum. In na ari muryar wani a ɗakin ɗaukar murya, ni kaɗai, ba ta kama ni. Gaisuwar da nake yi miki tun daga hanya nake maimaita ta."

Na zauna a bakin gado. Duk tsiwar da na yi masa ta dawo min ɗaya bayan ɗaya, har da ta waken. Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Na Baba fa?" na tambaya.

"Wannan kuskure ne babba. Ranar da na je gaishe shi ya faɗa. Da sarkin ya leƙa kambinsa, bakina ne ya riga ni. Na so in goge, aka ce an riga an tura wa masu shaguna."

"Me ya sa ba ka faɗi gaskiyar sana'arka ba tun farko?"

"Na ji labarin Garba."

Na kife wayar a kan katifa.

Ran Alhamis da hantsi na ari wayar Anti Asama'u, na ce zan kira wata ƙawata. Na tafi bayan rumbu na zauna a kan turmin da ya fashe, na rage ƙara, na kalli sauran fim ɗin ni kaɗai. So nake in ji me kuma ya kwashe. Ya kwashe da yawa, har yadda nake cewa "wai don Allah" in zan yi ƙorafi. Amma a can ƙarshe, inda jakada ya ajiye saƙon sarkinsa ya durƙusa don kansa, Baturen ya daɗe yana zuba magana, da gani jawabi ne mai tsawo. Abin da aka sa masa a baki kuwa kaɗan ne, a hankali, da wata murya da ba ta yi kama da ta wasa ba:

"Ranki ya daɗe, ni ban iya magana ba. Zuwa na iya. In kin bar ni, duk Asabar zan zo."

Ina ruwan jakadan Turai da Asabar? Na mayar baya na ƙara ji. Na ƙara. A bayan rumbun nan, kaji suna tono a gefena, na gane ina son mutumin nan, kuma na gane na shiga uku. In na ce wa Baba eh na yi shiru da bakina, na yaudare shi, kuma ranar da ya gano ba zai ƙara yarda da ni ba. In na faɗa, hanyar da Garba ya bi ita Muntaka zai bi.

Fim ɗin kuwa ya riga ya zaga gari. Da yamma ina jiyo matan maƙwabta ta kan katanga, ɗaya ta ce "To, to, to," sauran su fashe. Baba ya dawo daga sallar la'asar fuskarsa wani iri. Gwaggo Hure ta ja mayafinta ta bi shi zaure, suka daɗe.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka aiko Huseina ta kira ni. Na sa hijabina mai ruwan ƙasa, wanda ya sauka har ƙafa. Baba yana kan buzunsa cikin farar babbar riga. Gwaggo tana gefe ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na durƙusa.

"Ina jin ki," Baba ya ce.

"Baba, na amince. Ina so. Amma akwai abin da ya kamata ka sani game da aikinsa, kafin..."

Ya ɗaga min hannu. Ya sa ɗaya hannun a aljihu, ya fito da wayar Anti Asama'u, ya ajiye ta a kan buzu tsakanina da shi.

"Jiya a ƙofar masallaci," ya ce, "na buɗe baki zan yi magana, mutum uku suka riga ni ƙarasawa. Har da ladan."

Na sunkuyar da kai.

"Na shekara sittin da biyu ban zauna na kalli abin nan ba. Jiya Yaya Hure ta zaunar da ni ta ce sai na gani. Awa biyu." Ya dube ni. "Yaushe kika sani?"

"Shekaranjiya, Baba."

"Kuma da kin yi shiru, da ban ce miki komai ba yau. Da sai dai ki ji an sallame shi."

Na ɗago in karanci fuskarsa, na kasa. Ba fushi na gani ba, ba kuma sakin fuska ba. Gwaggo kuwa kafaɗunta rawa suke yi a ƙarƙashin mayafi, ban sani ba ko kuka ne ko dariya.

"Ki aika masa," Baba ya ce. "Gobe kada ya tsaya a waje, nan zai shigo. Liman zai zo, kawunki zai zo. Tun da ya iya zama ni a bayan idona, ya zo ya zama ni a gabana. Zan ba shi buzun nan ya zauna. Ya faɗa mana da muryata hukuncin da ya kamata Malam Ado ya yanke wa mutumin da ya ɓoye masa sana'arsa, ya kuma mai da shi abin dariya a garinsa. Abin da ya yanke, in ya yi daidai, shi zan bi."

"Baba, i'ina gare shi. A gaban mutane ba ya iya..."

"A wayar ban ji i'ina ba. Tashi ki je."

Na fito. Na wuce Inna a bakin murhu, ta bi ni da ido. Na shiga ɗaki na rubuta masa komai, kalma bayan kalma, ban rage ba ban sassauta ba. A ƙarshe na ƙara da cewa: "Na ce masa ina so. In ba za ka iya zuwa ba, ba zan ga laifinka ba."

Ya karanta. Na zauna riƙe da waya har cajin ya koma ja. Sai ga amsa, layi biyu:

"Zan zo. Amma Barira, da wace murya zan yi sallama?"

Ga wayar nan a hannuna, an fara kiran la'asar, har yanzu ban san me zan ce masa ba.